Yadda Ake Riƙe Hannun Sabon Ɗalibi a Karatun Zaure, Daga Ƙawa'idi Zuwa Risala

Duk shekara, da zarar an kammala azumi an yi ƙaramar Salla, zaurukan malamai a cikin garin Bauchi, daga Jahun zuwa Kobi har unguwannin da ke bayan ganuwa, sukan cika da sababbin fuskoki. Akwai ma'aikacin da tafsirin azumi ya tuna masa cewa bai taɓa zama gaban malami ya karanta hukuncin sallarsa ba, akwai ɗan kasuwar Wunti da yake son sanin zakkar kayan shagonsa, akwai kuma ɗalibin Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da yake barowa daga Yelwa tun da asuba. Kafin a yanka ragon layya, da yawa daga cikinsu sun ɗauke ƙafa. Na daɗe ina lura da wannan al'amari yana kuma damuna, domin mutanen nan da niyya mai kyau suka zo, abin da suka rasa kawai shi ne wanda zai riƙe hannunsu a watannin farko. Malam yana da ɗalibai masu yawa da lokaci ƙalilan, saboda haka wannan aiki a wuyan manyan ɗalibai yake, kuma da su nake magana.

Wanda ya daɗe a zaure yakan manta yadda wurin yake a idon baƙo. Kowane ɗalibi da littafinsa, wani yana Iziyya, wani yana Risala, wani ya yi nisa a Muhtasar; idan layi ya zo kansa sai ya karanto Larabci gaɓa-gaɓa, Malam yana fassarawa yana fashin baƙi, sauran jama'a suna saurare. Tsari ne mai albarka wanda ya daɗe a ƙasar nan, kuma shi kansa Malam Yakubu, wanda ya kafa garin Bauchi a farkon ƙarni na 19, zaman ɗalibta ya yi a gaban Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kafin ya karɓi tuta. Amma baƙon da ya shigo yau ba ya ganin matakala, yana dai jin ana ambaton mas'alolin ciniki da gado alhali shi alwalarsa ce ta kawo shi, sai ya ɗauka cewa ya makara.

Abin da za ka fara yi shi ne neman izinin Malam. Kada ka ja sabon ɗalibi gefe ka fara yi masa karatu a kan gaban kanka, ko da kana ganin taimako ne, domin zaure yana da mai shi. Bayan an tashi, ka matsa kusa ka ce, "Allah ya gafarta Malam, wannan bawan Allah da ya fara zuwa makon jiya, idan Malam ya amince zan riƙa yi masa bita." Da wannan izini aikinka ya sami iyaka: Malam ne mai ɗori, wato mai ba da sabon karatu, kai kuwa mai bita ne.

Mataki na biyu shi ne ka san inda mutumin yake tsaye, kuma a nan ake bukatar dabara, domin magidanci mai shekara arba'in ba ya son a gwada shi kamar yaron makarantar allo. Ka same shi a keɓe, ku gaisa sosai, ka tambayi sana'arsa da unguwarsu da lokacin da yake samun sarari. Daga nan ka buɗe shafin farko na ƙaramin littafi mai wasulla ka ce, "Alhaji, mu karanta tare," ka fara, ka bar shi ya ci gaba. Cikin layi biyu za ka gane ko yana haɗa baƙi da wasali ba tare da wahala ba, ko yana tuntuɓe, ko kuwa bai iya ba sam. Ka lura da wani abu da yake rikita mutane da yawa: wanda ya yi karatun allo ya saba da rubutun Warshu irin na Magaribi, inda harafin fa yake da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, shi kuwa wanda ya yi Islamiyya ya saba da rubutun gabas, inda fa take da ɗigo ɗaya a sama, ƙaf take da biyu. Sau da yawa mutumin da ake zaton bai iya karatu ba, rubutun da bai saba da shi ba ne aka miƙa masa. Don haka idan za ku sayi littafi, ku je wurin masu sayar da littattafan addini tare, ka zaɓar masa bugun da ya dace da idonsa, mai manyan baƙaƙe da cikakkun wasulla, kuma matani zalla wanda ba a cika gefensa da sharhi ba.

Idan ka tarar bai iya haɗa baƙi ba, kada ka sallame shi da cewa ya je ya koyo ya dawo, domin ba zai dawo ba. Ka ware masa minti goma na babbaƙu da farfaru a kowane zama, sauran lokacin kuma ya ɗauki karatun da ka, kana karantawa yana maimaitawa.

Na uku shi ne ka nuna masa matakalar gaba ɗaya tun kafin ya taka ta farko, domin matafiyin da ya san yawan zangon da ke gabansa ya fi haƙuri da hanya. A mafi yawan zaurukanmu na mazhabar Malikiyya, ana farawa da Ƙawa'idi, ɗan ƙaramin littafi na tushen imani da salla, sannan Ahalari, na Shehu Abdurrahman al-Ahalari mutumin Aljeriya wanda ya rayu a ƙarni na 16 na Miladiyya, wanda ya fara da gyaran imani da halaye, ya shiga tsarki da salla, ya ƙare da babin rafkanuwa. Daga nan sai Ishmawi, wanda ya buɗe da abubuwan da ke warware alwala, ya ƙaro jana'iza da azumi. Sai Iziyya, ta Abul Hasan mutumin Masar wanda ya rasu a shekarar 939 ta Hijira, inda ɗalibi zai tarar da zakka da aikin Hajji da yanka da aure da ciniki da gado. Sai Risala, ta Ibnu Abi Zaidin al-Ƙairawani na ƙasar Tunisiya, wanda ya rasu a shekarar 386 ta Hijira, wato 996 ta Miladiyya, mai babuka sama da 40. A sama da ita akwai Askari da Muhtasar na Shehu Halilu, amma waɗannan ka ambace su kawai ka wuce. Ka bayyana masa cewa littattafan nan suna maimaita juna da gangan: zai karanta alwala a Ahalari, ya sake ta a Ishmawi, ya sake ta a Iziyya da Risala, kowane karo da ƙarin faɗi. Idan bai san haka ba, zai ɗauka ana ɓata masa lokaci.

A nan ne za ka gamu da roƙon da kusan kowane ɗan boko yake yi, wato a bar shi ya fara daga Risala tunda shi babba ne kuma yana da saurin fahimta. Ra'ayina a kan wannan ba ya rawa: kada ka goyi bayansa. Gaskiya ne an rubuta Risala ne domin a koyar da yara, amma yaran da Larabci yake harshen karatunsu tun daga tushe. Wanda ya tsallake ƙananan littattafai yakan isa babin zakkar dabbobi ko na ciniki ya tsaya cak, domin kalmomin da ake gina waɗannan babuka da su a ƙananan littattafan ake tsintar su. Ka lallashe shi da cewa Ahalari ɗan ƙarami ne, mai himma yana sauke shi cikin 'yan watanni, kuma saukar littafi ɗaya ta fi masa amfani a zuciya fiye da rabin babban littafi.

Yanzu sai ainihin aikin yau da kullum, wanda shi ne ƙashin bayan komai. Kowane darasi yana da zama uku. Na farko muɗala'a ce kafin a shiga gaban Malam: ku haɗu minti goma sha biyar kafin lokaci, ko bayan sallar Asuba ne ko tsakanin Magariba da Isha'i, ya karanta maka layukan da za a ɗora masa har bakinsa ya saba da su, ka gyara masa wasulla, ka nuna masa inda zai riƙa tsayawa domin Malam ya fassara. Wannan ɗan zama shi ne maganin kunyar da ke kama baƙo idan ya buɗe baki a gaban jama'a, kuma kunyar nan ta kori mutane fiye da wahalar karatun kanta. Zama na biyu shi ne ɗorin a gaban Malam. Ka zauna kusa da shi, amma kada ka riƙa yi masa raɗa, ka bar Malam ya ji kuskurensa ya gyara. Zama na uku shi ne bita, a ranar, kafin ya kwanta barci idan da hali: ya karanta Larabcin ya fassara da kansa, sannan ya rufe littafi ya gaya maka abin da aka ce da irin Hausar da yake magana da ita a gida.

Wannan rufe littafin ina ba shi muhimmanci ƙwarai. Fassarar zaure tana bin Larabci kalma bayan kalma, saboda haka Hausarta takan fito da tsarin da ba a magana da shi a kasuwa, kuma tana ɗauke da tsofaffin kalmomi. Ɗalibi yana iya haddace cewa tsarki kashi biyu ne, tsarkin kari da tsarkin dauɗa, ya maimaita shi daidai, alhali bai san cewa kari shi ne abin da ke wajabta alwala ko wanka ba, dauɗa kuma ita ce najasar da ke taɓa jiki ko tufa ko wurin salla. Haka yake da mukallafi, da mustahabbi, da makaruhi, da lokacin zaɓi da na lalura. Abin ya fi tsanani ga 'yan'uwanmu da suka tashi da Fulatanci ko Jaranci ko wani harshe na jihar nan, waɗanda Hausarsu ta mu'amala ce mai kyau amma ba su taɓa jin Hausar malamai ba. Ka sa ya sayi ƙaramin littafin rubutu, duk kalmar da ta ba shi wuya ya rubuta ta da ma'anarta, da boko ko da ajami, duk wanda hannunsa ya fi sakewa da shi. A cikin littafin karatun kuwa, ya yi amfani da fensir, kuma ya rubuta fassarar kalmomi masu wuya kawai. Wanda ya cika tsakanin layuka da Hausa, idan ya zo bita Hausar yake karantawa, idonsa ba ya sauka a kan Larabcin.

Game da yawan ɗori, layi uku zuwa biyar sun isa a makonnin farko. Sabon ɗalibi yana zuwa da zafin nama, yana son shafi guda a rana, kuma idan aka biye masa, cikin mako biyu bita ta taru ta fi ƙarfinsa. Ka roƙi Malam ya riƙa tsayar masa da wuri. Ranakun Alhamis da Juma'a, da yake yawancin zauruka suna hutu, ka ware ɗaya daga ciki domin bitar karatun mako gaba ɗaya daga farko, sannu ba ta hana zuwa.

Abu na gaba shi ne a fitar da karatun daga takarda. Idan kun gama farillan alwala guda bakwai, wato niyya, da wanke fuska, da wanke hannaye zuwa gwiwar hannu, da shafar kai, da wanke ƙafafu zuwa idon sawu, da cuɗawa, da yin su bi da bi ba tare da jinkiri ba, ka ɗauko buta ku fita bayan zaure inda babu idon jama'a, ka yi alwala yana kallo, shi ma ya yi kana kallo, yana faɗin sunan kowane aiki da matsayinsa, farilla ne ko sunna ko mustahabbi. Ka duba gwiwar hannu da diddige, domin nan ne ruwa ya fi tsallakewa, musamman da sanyin hunturu lokacin da kowa yake sauri. Babin rafkanuwa kuwa, wanda shi ne ya fi kowane babi a Ahalari wahalar da sababbi, ba ya zama a kai sai da misalai. Ka fara kafa masa tushe: ragi yana jawo sujadar ƙabli kafin sallama, ƙari yana jawo ba'adi bayan sallama, idan kuma suka haɗu ƙabli ake yi. Sannan kullum ka jefa masa tambaya ɗaya. Mutum ya manta sura bayan Fatiha, me zai yi? Mutum ya yi shakka ko raka'a uku ya yi ko huɗu, a kan wanne zai yi gini, kuma wace sujada ce a kansa? Mutum ya miƙe bai yi zaman tahiyar farko ba har hannayensa da gwiwoyinsa suka rabu da ƙasa, zai koma ko zai wuce? Ka sa ya nemo amsar a cikin littafinsa ya nuna maka layin da yatsa. Ranar da ya zo ya ce maka jiya ya yi rafkanuwa a sallar La'asar kuma ya san abin da ya kamata ya yi, ka tabbata wannan mutum ya zauna a zaure.

Akwai kuma tambayoyin da zai riƙa kawowa daga waje. Zai ji wa'azi a waya ko a rediyo, ya zo ya ce wani malami ya ce kaza, littafin nan kuma ya ce kaza, musamman a kan sakin hannu da kama hannu a salla da makamantansu. Kada ka kushe malamin da ya ji, kuma kada ka mayar da lokacin bita fagen muhawara. Ka gaya masa cewa saɓanin malamai ilimi ne mai zaman kansa wanda yake da lokacinsa, kuma wanda ya san magana ɗaya da kyau shi ne yake iya auna ta biyu. Ya rubuta tambayar a bayan littafinsa, ku kai wa Malam tare a lokacin da ya dace. Kai ma idan ya tambaye ka abin da ba ka da tabbas a kansa, ka ce ba ka sani ba, a je a tambayi Malam. Imamu Malik, wanda muke karanta mazhabarsa, ya shahara da faɗin wannan kalma, kuma sabon ɗalibi yana koyon ladabin ilimi daga bakin mai yi masa bita tun kafin ya koye shi daga littafi. Sharhi ma ka jinkirta masa shi a wannan mataki. Kai ka duba sharhin a gida domin ka tsare kanka daga kuskure, shi kuwa ya tsaya a kan matani. Idan yana son naɗar muryar Malam a waya domin saurare a shago ko a hanya, abu ne mai amfani, amma a nemi izini tukuna, kuma kada naɗin ya zama dalilin fashin zuwa.

Fashi dai dole ne zai faru. Manomi zai ɓace da saukar damina, ɗalibi zai ɓace lokacin jarrabawa, ɗan kasuwa zai yi tafiya Kano saro kaya. Idan ka ga kwana uku babu shi, ka kira shi ko ka taka zuwa gidansa ka gaishe shi, ka tambayi lafiyar iyali, kada ka fara da maganar karatu. Yawancin waɗanda suka daina zuwa, nauyin komawa bayan dogon fashi ne ya hana su, suna tunanin abin da za a ce. Idan ya dawo, ku koma baya da shafi ɗaya ko biyu ku taso, kuma kada ka bari kowa ya yi masa ba'a.

Duk abin da na faɗa ya shafi mata, sai dai mace ce ya kamata ta yi wa mace bita, ko a cikin gidan Malam ko a makarantun matan aure, domin babin haila da na biƙi suna bukatar tambayoyin da ba za a yi wa namiji su a sake ba. Wannan ma yana da asali a wurinmu, tunda Nana Asma'u 'yar Shehu ta horar da jajjai waɗanda suke ɗaukar karatu daga gare ta su kai wa mata a ƙauyuka, a tsarin da aka sani da 'Yan Taru.

Idan ya kai ƙarshen Ahalari, kada a yi gaggawar buɗe Ishmawi. Ku ɗauki mako ɗaya ko biyu ku bi littafin daga farko, sannan ka buɗe wurare uku ba tare da ya san inda za ka buɗe ba, ya karanta ya fassara ya yi bayani. Idan ya ci wannan gwajin, ka sanar da Malam domin a yi masa addu'ar sauka a gaban jama'a, ko da dabino kawai za a raba, domin wannan ɗan taro yana ƙarfafa gwiwa ƙwarai. A Ishmawi ka shirya masa tun da wuri cewa zai ga bambancin ƙirga: Ahalari ya kawo farillan wanka huɗu, Ishmawi ya kawo biyar saboda ya ware tsettsefe gashi a matsayin farilla mai zaman kanta, alhali wancan ya bar shi a cikin game jiki da ruwa. Idan ka warware masa wannan guda ɗaya da kyau, ba zai firgita da ire-irensa a gaba ba. A daidai wannan lokaci ya dace, da yardar Malam, a haɗa masa da hadisai 42 na Arba'una ta Imamu Nawawi, hadisi ɗaya a mako. Idan ya shiga Iziyya kuma a buɗe masa Ajrumiya a nahawu, domin daga nan zai fara cin karo da bugun da wasullansa ba su cika ba, kuma sai da nahawu zai san dalilin da ya sa ƙarshen kalma yake canzawa.

Da ya buɗe Risala, ka fara janye hannunka a hankali. Bitar kullum ta koma sau biyu a mako, muɗala'a ya riƙa yin ta shi kaɗai, ka nuna masa yadda ake duba sharhi irin su Samaruddani, wato ya fara karanta matanin ya gwada fahimtarsa kafin ya leƙa abin da mai sharhi ya ce. Ka haɗa shi da wani ɗalibi da suke babi ɗaya domin su riƙa yi wa juna tambayoyi. Idan ƙaramar Salla ta zagayo sababbi suka shigo, ka nemi izinin Malam a damƙa masa mutum ɗaya mai fara Ƙawa'idi ko Ahalari, ka zauna tare da su a zama uku na farko, ka lura ko yana barin baƙon ya karanta da bakinsa ko kuwa yana karɓe karatun, ka kuma duba ko yana tsayawa a layi biyar ɗin nan. Gyaran da za ka yi masa, ka bari sai baƙon ya tafi.